Kifin Ramin Shaiɗan: Ɗan Mitsitsin Kifin da Ya Kai Manoma Kotun Ƙoli

Wane irin kifi ne wannan?

Ɗan ƙaramin kifi ne da tsawonsa bai wuce santimita 3 ba, namijin shuɗi ne mai ƙyalli. A duk duniya, asalin mazauninsa guda ne tak: wani kogon ruwa da ake kira Devils Hole, wato Ramin Shaiɗan, a hamadar jihar Nevada ta Amurka. Ruwan ɗumi ne, kusan digiri 33, rani da hunturu. Zurfin ramin ya haura mita 150, amma kifin nan cin abincinsa da zubar ƙwansa kusan duk a kan wani falalen dutse ne da ke dab da saman ruwa, inda gansakuka ke tsirowa idan rana ta leƙo.

To me ya jefa shi cikin haɗari?

Noman rani. A ƙarshen shekarun 1960 wata babbar gona da ke kusa ta haƙa rijiyoyin burtsatse tana zuƙar ruwan ƙasa. Ruwan ramin ya ja baya, falalen ya fara fitowa fili. Kifin da bai cika wuce shekara guda a duniya ba, idan ya rasa wurin ƙwai na kaka ɗaya, shi ke nan. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1976 ta ce tunda Shugaban Amurka Truman ya keɓe ramin tun 1952, dole a bar ruwan da zai ishi kifin. Wasu mutanen yankin ba su ji daɗi ba, har takardu suka riƙa liƙawa a motocinsu suna cewa a kashe kifin. Ni dai ban ga laifin kotu ba: gona tana iya sauya wuri, kifin nan kuwa ba shi da inda za shi.

Nawa suka rage?

Sau biyu a shekara masu nutso ke shiga su ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A 2013 guda 35 aka samu. A 2024 sun kai 191.

Yanzu da aka rage zuƙar ruwa, an huta ke nan?

Ina! Girgizar ƙasa daga nesa, kamar ta Meziko a 2022, tana kaɗa ruwan ramin ya yi ta tumbatsa, ya share gansakuka da ƙwai daga kan falalen. Shi ya sa aka gina wani katafaren tanki mai kama da ramin a Ash Meadows, yankin da ramin yake, ana kiwon wasu a ciki don kada iri ya ɓace. Ga kuma ɗan Adam: a 2016 wasu maza uku suka fasa shinge, ɗaya ya shiga ruwan, aka tsinci kifi guda a mace. Mutumin ya sha ɗauri.