Takalmin gudun daji mai farantin kabon

Takalmin gudun daji mai farantin kabon wani nau'in takalmi ne na 'yan tsere da ake cusa siririn faranti mai tauri a tsakiyar soson ƙasansa, an yi shi ne don masu gudu a hanyoyin duwatsu da dazuzzuka da gangare, musamman gudun da ya zarce na fanfalaki tsawo, wato duk abin da ya haura kilomita 42.195, wanda masu harkar ke kira altira. Shi farantin da zaren kabon ake yin sa a daskarar da shi cikin wani irin danƙo, ba shi da nauyi ko kaɗan amma da wuya ya lanƙwasu. A gudun kwalta aka fara saninsa, sai daga baya aka kai shi daji, kuma a can ne fa amfaninsa ya zama abin jayayya har yau.

Asali

Mutane da yawa suna ɗauka Nike ne suka ƙirƙiro saka kabon a takalmin gudu, amma maganar ta girmi haka. Tun wajen farkon shekarun 1990 Reebok sun gwada saka zaren kabon a tsakiyar wasu takalmansu, sannan a Jami'ar Calgary ta ƙasar Kanada masana biyu, Benno Nigg da Darren Stefanyshyn, suka yi ta bincike kan ƙarfin da ke ɓacewa a gaɓar da yatsun ƙafa suka haɗu da tafin ƙafa duk lokacin da mutum ya taka ya ɗaga. Tunaninsu shi ne idan aka taurara ƙasan takalmi gaɓar ba za ta lanƙwashe sosai ba, ƙarfin da ake asara zai ragu. Adidas sun ɗauki wannan suka yi wani faranti da suka kira ProPlate a wajen farkon shekarun 2000. Abin bai yi wani tashe ba, domin soson da ake da shi a lokacin na EVA ne, mai nauyi, kuma baya maido wa ƙafa ƙarfi sosai, riban da aka auna ma bai wuce kamar kashi 1 cikin 100 ba.

Abin ya canza ne a 2017. A watan Mayun shekarar Nike suka shirya gwajin Breaking2 a filin tseren motoci na Monza a Italiya, inda Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya gama fanfalaki cikin awa 2 da daƙiƙa 25, a shekarar kuma suka fito da Vaporfly 4% kasuwa kan dala 250. Wannan 4% ɗin daga binciken Jami'ar Colorado da ke Boulder ya fito, wanda Wouter Hoogkamer da Rodger Kram suke ciki, sun gwada ƙwararrun 'yan gudu 18 a kan injin gudu a saurin kilomita 14 da 16 da 18 a awa, suka tarar takalmin yana rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa da kusan kashi 4 cikin 100. A lura, ƙarfin da ake ƙonawa aka auna, ba lokaci ba. Sannan sirrin ba a farantin kaɗai yake ba, an haɗa shi da sabon soso da Nike ke kira ZoomX, wanda asalinsa Pebax ne na kamfanin Arkema na Faransa, mara nauyi, mai laushi, mai tashi kamar sifirin. A ranar 12 ga Oktoban 2019 Kipchoge ya yi awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna da wani samfurin da ya zama Alphafly, daga nan kowane kamfani ya shiga rububin yin nasa.

Shigarsa daji

Gudun daji ya daɗe da nasa farantin, sai dai aikinsa daban ne, wata 'yar roba ce mai tauri da ake sa wa a gaban takalmi don kada tsinin dutse ya soki tafin ƙafa. Farantin kabon na ƙara sauri kuwa, wanda aka fi ambata a matsayin na farko da ya yi suna shi ne Flight Vectiv na The North Face da ya fito a farkon 2021. Nasu farantin yana da 'yan fukafukai da suka tashi ta gefe don riƙe ƙafa, wasu sun yaba, wasu kuma sun yi ƙorafin yana goge musu gefen ƙafa. A shekarar ne Speedland suka fito da takalmi mai farantin Carbitex da ake iya zarewa a mayar.

A 2022 Hoka suka kawo Tecton X, kuma dabararsu ta nuna sun gane matsalar, maimakon faranti ɗaya sai suka sa biyu a jere daga dunduniya zuwa yatsu, kowanne na iya motsawa shi kaɗai, ta yadda idan gefe ɗaya ya hau kan dutse ba zai kifar da duka ƙafar ba. Saucony suka yi Endorphin Edge a shekarar, da farantin da ke lanƙwasuwa ta fuska ɗaya ya ƙi ta ɗayar. Nike da suka fara tada ƙurar sai a 2023 suka fito da Ultrafly, da ƙasan roba na Vibram. Adidas su kam sanduna sirara suka zaɓa a Terrex Agravic Speed Ultra a madadin faranti guda.

Manyan gasanni biyu ne aka fi auna waɗannan takalma da su. UTMB da aka fara a 2003 tana tashi daga Chamonix ta zagaye tsaunin Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Siwizalan, kusan kilomita 170 da hawa na wajen mita 10,000. Western States kuma mil 100 ce a Kalifoniya ta Amurka, kusan kilomita 161, ta samo asali ne daga tseren dawakai bayan da Gordy Ainsleigh ya bi hanyar da ƙafa a 1974, hanyarta ta fi guduwa kuma gangara ta fi hawa yawa. Jim Walmsley ya ci UTMB a 2023 cikin awa 19 da minti 37 da samfurin Tecton X a ƙafarsa, shi ne namiji Ba'amurke na farko da ya ci ta, a 2024 kuma Vincent Bouillard, injiniya a kamfanin Hoka ɗin, ya ci. Amma shekara ɗaya kafin Walmsley, Kilian Jornet ya ci ta cikin awa 19 da minti 49 da takalmin NNormal Kjerag wanda babu kabon a cikinsa, haka ma Courtney Dauwalter da ta haɗa Western States da Hardrock da UTMB duk a 2023 da takalman Salomon. A kwalta ba a ganin irin haka yanzu, da wuya ka ga wanda ya ci babbar gasa ba da faranti ba.

Yadda yake aiki

Farantin yana hana gaban takalmi lanƙwashewa, kuma da yake an ɗan gantsarar da shi sama ta wajen yatsu, ƙafa tana mirginawa gaba da kanta ba sai yatsu sun yi aikin turawa duka ba. Yana kuma daidaita soson, don soso mai laushi da kauri idan babu abin da ya riƙe shi rawa yake yi. Cewar da ake yi wai farantin sifirin ne da ke cilla mutum gaba masana da dama ba su yarda da ita ba. A wajen 2021 Laura Healey da Hoogkamer sun yayyanka farantin cikin Vaporfly suka sake aunawa, bambancin da suka samu kaɗan ne ƙwarai, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa soson ne ke ɗauke da yawancin aikin.

To a daji ƙasa ba shimfiɗe take ba. Ƙafa tana buƙatar ta lanƙwashe ta rungumi dutse da saiwa da tsakuwa, faranti mai tauri kuwa idan ya taka abu ta gefe sai ya zama kamar katakon da aka ɗora kan dutse, ya karkata gaba ɗaya, idon sawu ne zai biya. Ga kuma kaurin soso da ke ɗaga mutum nesa da ƙasa, baya jin abin da ya taka sai ya riga ya karkace. Shi ya sa farantan daji kusan dukansu an sassauta su, wani an raba biyu, wani an yi masa baki kamar cokali mai yatsu, wani an gajarta shi.

Akwai kuma maganar sauri, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. Binciken Colorado a kilomita 14 zuwa 18 a awa aka yi shi, alhali wanda ya ci UTMB ma matsakaicin saurinsa bai kai kilomita 9 a awa ba, waɗanda ke fafutukar shiga kafin wa'adin awa 46 da rabi kuwa ba su kai 4 ba, yawancin hawan ma da tafiya suke yinsa da sanduna a hannu. Mai tafiya a hawa mai tsauri yana so yatsunsa su lanƙwashe, takalmi mai tauri sai ya riƙa zame masa a dunduniya ya ƙara wa sha-raɓa aiki.

Zaɓe

Hanyar gasar ita ce ma'auni na farko. Inda ƙasa busasshiya ce, turba mai faɗi da doguwar gangara da mutum zai sake jiki ya yi gudu na awanni, irin Western States ko gasannin kilomita 50 masu sauri, nan farantin ke biyan kuɗinsa. Inda kuwa duwatsu ne birjik da taɓo da gangare mai santsi, ga dare ga gajiya, takalmi mai sassauci da ya fi kusa da ƙasa ya fi aminci, kuma wanda ya saba gurɗewa a idon sawu ya kamata ya ɗauki wannan da muhimmanci.

Bayan hanya sai zaman takalmin a ƙafa, kuma a gaskiya wannan ya fi farantin muhimmanci a gudun awa 20 ko 30. Ƙafa tana kumbura, takalmin da ya zauna daidai a kilomita 10 zai iya matse yatsu a kilomita 100, a gangara farce ya riƙa dukan gaba har ya yi baƙi ya fita, ga bororo. Yawancin masu altira suna barin sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, wasu su ƙara rabin lamba. Takalman tsere da yawa an yi su matsattsu don rage nauyi, mai faɗin ƙafa sai ya bincika sosai.

Haƙoran ƙasa na takalman kabon galibi gajeru ne, milimita 3 zuwa 4, sun dace da busasshiyar ƙasa, a caɓi kuwa ana son 5 ko fiye. Robar Vibram Megagrip ita ta fi suna wajen riƙe jiƙaƙƙen dutse.

Ba a shiga gasa da sabon takalmi. Ana sabawa da shi a hankali, a yi doguwar fita da shi sau da dama a ƙasa irin ta gasar, har da gangara bayan an gaji, don a lokacin ne halinsa ke fitowa. A gasannin da ake barin jaka a tashoshi wasu suna raba aiki, mai faranti a ɓangaren da ake gudu, mai laushi da faɗi a ɓangaren ƙarshe ko na duwatsu.

Doka

A Janairun 2020 World Athletics ta ƙayyade kaurin takalmin kwalta kada ya wuce milimita 40, faranti kuma ɗaya. Gudun tsauni da na daji ba a sa musu iyakar kauri ba.

Rauni

A 2023 Adam Tenforde da abokan aikinsa sun wallafa bayanin 'yan gudu 5 da suka samu tsagewar wani ƙashi na tsakiyar ƙafa suna amfani da takalman kabon. Adadin kaɗan ne, bai tabbatar da cewa takalmin ne sanadi ba. Masu goyon baya suna cewa soson yana rage ciwon cinya bayan doguwar gangara, masu suka suna cewa nauyin aikin kawai ake matsarwa daga wata gaɓa zuwa wata.

Farashi

Yawanci daga dala 200 zuwa sama. Farantin da wuya ya lalace, soson da haƙoran ne ke fara mutuwa, don haka da yawa suna ajiye shi don ranar gasa da 'yan fitowar gwaji, su yi atisayen yau da kullum da takalmi mara faranti.