Babban babur da filin tsere: inda dokar Turai ta tsaya da inda takardar sa hannu ta karɓa

A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya, kuɗi kaɗai ba sa ɗora mutum kan babban babur. Dila zai sayar maka ya miƙa maka makulli, amma fita da shi kan titi sai abin da lasisinka ya yarda. Lasisin babur a can hawa-hawa ne. Tushensa dokar Tarayyar ce mai lamba 2006/126, wadda ta fara aiki ranar 19 ga Janairun 2013. Birtaniya ta fice daga Tarayyar a 2020, amma ba ta taɓa wannan tsari ba.

In aka ajiye 'yan ƙananan babura masu cc 50 a gefe, matakan uku ne. Na ƙasa shi ne A1: injin da bai wuce cc 125 ba, ƙarfinsa kuma bai wuce kilowat 11 ba. Dokar Tarayyar ta ce daga shekara 16, Birtaniya ta ce 17. Na sama shi ne A, wanda ba shi da iyaka ko kaɗan, ko babur mai ƙarfin doki 200 ne. Na tsakiya, A2, shi ne inda yawancin masu son ƙara ƙarfi ke maƙalewa, kuma shi ya fi kowanne sharuɗɗa.

Ana samun A2 daga shekara 18, a Birtaniya 19. Ba ruwansa da girman inji, ƙarfi yake aunawa, kuma sharaɗi uku ya gindaya. Na farko, kada ƙarfin ya haura kilowat 35, wato kimanin doki 47. Na biyu, kada ya haura kilowat 0.2 a kan kowane kilo na nauyin babur. Raba 35 da 0.2 ka samu 175, ke nan babur mai cikakken kilowat 35 sai ya kai kilo 175 kafin ya shiga. Babur mara nauyi zai iya faɗuwa wannan gwajin alhali ƙarfinsa bai kai iyakar ba, don abin da ke fizgar mutum ba ƙarfin inji kaɗai ba ne, har da rashin nauyin abin da injin ke ja.

Sharaɗi na uku shi ne wanda aka fi tuntuɓe da shi wajen sayen na hannu. Doka ta yarda a ɗauko babur mai ƙarfi a sa masa takunkumi, ko dai ƙarfen da ke hana totur buɗewa gaba ɗaya, ko kuma a rage ƙarfin ta kwamfutar injin, har ya sauko kilowat 35. Amma ba kowane babur ba. Wanda aka rage ɗin kada asalinsa ya fi ninki biyu na abin da aka mayar da shi, wato kada ya wuce kilowat 70 yadda ya fito daga kamfani. Shi ya sa Yamaha MT-07 ke shiga da takunkumi, R1 kuwa ko me bakanike ya yi masa ba zai shiga ba. Kamfanoni sun karanta dokar da kyau. Honda ta ƙera jerin CB500 daidai kan kilowat 35, Kawasaki kuma tana sayar da Z900 iri biyu, mai cikakken ƙarfi da wanda aka tsayar a kilowat 70 don ya karɓi takunkumi. A ido kusan ba ka bambance su. A takarda ɗaya halal ne ga mai A2, ɗayan haramun.

Hawa zuwa A hanya biyu gare shi. Ko dai ka riƙe A2 shekara biyu cur sannan ka haura, wanda ke nufin shekara 20 mafi ƙaranci a dokar Tarayyar, 21 a Birtaniya, ko kuma ka jira ka cika 24 ka shiga kai tsaye. Kowace ƙasa ta zaɓi abin da za ta nema bayan shekara biyun: jarrabawar tuƙi, ko horo na aƙalla awa bakwai. Jamus da Birtaniya jarrabawa suke yi. Faransa ta ɗauki horon awa bakwai, amma tun 2016 ta toshe hanyar kai tsaye, ko shekararka 50 sai ka fara da A2. A wannan shekarar dai ta cire tsohuwar ƙa'idarta da ta hana kowane babur wuce doki 100. Ta saki injin, ta riƙe mahayin.

A ganina Faransa ce ta fi fahimtar abin da dokar ke nufi. Haɗarin babban babur yana cikin hannun da bai saba ba: murɗa totur kaɗan a tsakiyar kwana, tayar baya ta zame, ko a isa gudun da ba a yi zato ba kafin ido ya gama karanta hanya. In gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkawa. Ɗan shekara 24 da bai taɓa hawa ba bai san wannan a jikinsa ba, duk hankalinsa. Sai dai ita ma ƙa'idar shekara biyun tana da rami, domin kwanan wata take ƙirgawa, ba tafiyar da aka yi ba. Wanda ya jefa lasisinsa a aljihun tebur ya manta da shi, da wanda ke hawa kullum cikin ruwa da sanyi, rana ɗaya suke cancanta.

To me zai faru in mai A2 ya cire takunkumin a ɓoye? Aikin ba wuya, shi ya sa yake jan hankali. Amma daga lokacin da babur ya haura kilowat 35, a idon doka mahayin ba shi da lasisin wannan abin hawa. A Jamus wannan laifi ne na kotu, sashe na 21 na dokar zirga-zirga, hukuncinsa tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. A Birtaniya makin hukunci uku zuwa shida ne a kan lasisi da tarar da za ta iya kai fam 1,000. Sannan inshora ta bi baya, don an ba da ita ne kan babur mai takunkumi da mahayi mai lasisin da ya dace. Tuƙi ba inshora kuma wasu maki shida ne aƙalla, 'yan sanda na iya kwace babur ɗin. Wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawarsa ta farko ba, maki shida sun isa a soke lasisin ɗungurungum, bisa dokar sababbin direbobi ta 1995. Ko wanda ya sami A ta halal, ranar da ya cire takunkumi sai ya sanar da kamfanin inshorarsa, a Jamus kuma sai an rubuta sabon ƙarfin a takardun babur.

Gwada gudun a kan titi kuwa ƙofa ce rufaffiya. Sashe na 12 na dokar hanya ta Birtaniya ta 1988 ya haramta tsere a hanyar jama'a. Jamus ta ƙara tsanani a 2017 da sashe na 315d na kundin laifukanta: ɗauri har shekara biyu, har goma in rai ya salwanta, kuma ba sai an sami abokin tsere ba. Wanda ke shi kaɗai yana neman ƙure gudun injinsa ba tare da kula da kowa ba, shi ma sashen ya hau kansa. Abin da ya rage wa mai son sanin iyakar babur ɗinsa shi ne filin tsere.

Filaye irin su Brands Hatch, Donington Park da Silverstone suna ware ranaku da kowa zai biya ya shiga da babur ɗinsa. Ba gasa ba ce. Ba a jera mutane a layin tashi, ba na ɗaya ba na biyu, kuma masu shiryawa da yawa sun hana auna lokaci, domin da zarar agogo ya shigo, inshorarsu kan ɗauki abin a matsayin tsere. Fili rufaffe ne mai zaman kansa, don haka iyakar gudu da iyakar kilowat na lasisi ba su biyo ka ciki. Kada wannan ya ruɗe ka. Mai fili yana da nasa sharuɗɗan, kuma sau da yawa sun fi na gwamnati tsauri. Da yawa a Birtaniya suna neman cikakken lasisin hanya ko lasisin gasa na ACU, hukumar wasan babur ta ƙasar. Wasu na karɓar mai A2, wasu ba sa karɓa. Wannan tambaya ce da ake yi kafin a biya kuɗi.

Sauran sharuɗɗan kusan ɗaya ne ko'ina. Rigar fata guda ɗaya, ko biyu da zik ya haɗe su zagaye da ƙugu, hular kwano mai rufe fuska, safar hannu da takalmin fata masu tsawo, galibi da abin kare gadon baya. Ana raba mahaya rukuni-rukuni, sababbi daban, matsakaita daban, gwanaye daban. Wanda bai halarci bayanin ƙa'idojin fili da ake yi da safe ba ba ya shiga. Tuta kuwa umarni ce: rawaya haɗari a gaba, a rage gudu, ba wuce kowa, ja an tsayar da zagaye, kowa ya koma, baƙa kai ake nufi, fito, mai ratsin rawaya da ja, akwai santsi. Sai ƙara. Filaye da yawa suna aiki ne ƙarƙashin iyakar da hukumar yankinsu ta sa saboda maƙwabta, don haka ana auna salansa kafin a shiga, kuma iyakar kan faɗa wajen desibel (ma'aunin ƙara) 102 zuwa 105 a ranaku da yawa. Mutum ya kashe kuɗi kan salansa mai ruri, a mayar da shi tun daga bakin ƙofa, kuɗin shigarsa kuma sun tafi.

Babbar magana ita ce inshora. Inshorar hanya kusan duka ta rubuta ƙarara cewa ba ta ɗaukar abin da ya faru a filin tsere. Ka faɗi, gyara naka ne. Wani ya kwashe ka, al'adar filin ita ce kowa ya ɗauki asararsa. Akwai inshora ta musamman ta rana ɗaya, amma galibi babur ɗinka kawai take rufewa, ban da ɓarnar da ka yi wa wani, kuma kason da za ka biya daga aljihunka yana da kauri. Garantin kamfani da yarjejeniyar sayen babur bashi su ma sukan ware filin tsere, haka inshorar tafiya ga mai tsallaka iyaka.

Wannan giɓin ya kusa rufewa ta wata hanyar da ba wanda ya zata. A Sulobeniya, wata tarakta tana ja da baya da tirela a harabar gona ta ture tsanin da wani mutum mai suna Damijan Vnuk ke kai. Shari'ar ta kai kotun Tarayyar Turai, wadda a 2014 ta yanke cewa inshorar dole ta shafi duk amfani da abin hawa da ya dace da aikinsa na yau da kullum, ko da ba a kan titi ba ne. Hankalin masu wasan tsere ya tashi, don in haka ne kowane babur da ke fili sai ya ɗauki inshorar ɓarnar da zai yi wa wani, kuma kamfanoni ba su nuna suna son sayar da irinta ba. Sai a 2021 Tarayyar ta gyara dokar, ta ware wasannin da ake yi a fili killatacce, bisa sharaɗin a sami wata inshorar da za ta kare 'yan kallo da sauran waɗanda ba mahaya ba. Birtaniya ta yi tata dokar a 2022 ta cire hukuncin daga tsarinta. Ma'ana, a dokar Tarayyar ɗan kallo yana da kariya, mahayi kuwa ya shiga da sanin abin da ya shiga.

Takardar da mahayi ke sa wa hannu da safe kafin ya shiga fili, cewa ya ɗauki haɗarin a kansa, abin da take faɗa ke nan. Amma ba ta wanke mai fili daga komai ba. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta hana kamfani kuɓutar da kansa daga alhakin mutuwa ko rauni da sakacinsa ya jawo, ko me aka rubuta. Faɗuwa a kwana saboda ka shige ta da gudu, naka ne. Man da ya zube aka sani aka ƙi ɗaga tuta, wannan wata magana ce, kuma kotu za ta saurara.

Akwai fili ɗaya da ya saɓa wa duk wannan, wato Nordschleife na Nürburgring a Jamus, mai tsawon kilomita 20.8. A lokutan da ake buɗe shi ga jama'a, dokar hanya ta Jamus ce ke aiki a kansa: lasisi, lamba, abin hawa mai cikakkun takardu, wucewa ta hagu kawai. Duk da haka kamfanonin inshora da yawa a Birtaniya sukan ambaci sunansa a jerin wuraren da ba su ɗauka. Tun kakar 2025 ma an daina barin babura su shiga waɗannan zagayen tare da motoci, sai ranakun horo da aka keɓe musu.

Wanda ya hau babur ɗinsa ya zo, da shi zai koma, kuma dokar hanya tana jiransa a waje. Madubin da aka cire a mayar, tef ɗin da aka liƙa wa fitila a ɓare, lamba ta koma wurinta, iskar tayar da aka rage don fili a cika ta. Taya mara zane ta gasa ba ta hau titi. Ta hanya ma wuni ɗaya a fili kan cinye ta, musamman gefen da kwanoni suka fi yawa, don haka a duba zurfin zanenta kafin a tashi. Birtaniya na neman milimita 1 ga babur da ya wuce cc 50, Jamus kuma 1.6.