Waiwaye: Asalin "start" da "begin", da abin da ke ruɗa ɗalibanmu

Ɗalibin da ya rubuta "He began the engine" a jarrabawa ba ganganci ya yi ba. Tun aji huɗu na firamare aka ce masa start da begin duk "fara" ne, shi kuma ya riƙe abin da malam ya faɗa. Maganar gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa masa.

Begin ce tsohuwar hannu a wannan aiki. Tana cikin Turanci fiye da shekara 1000, a siffar beginnan, kuma tun can ma'anarta fara abu ce. Start kuwa asalinta zabura: mutum ya firgita ya miƙe zumbur, ko mafarauci ya tayar da dabba daga maɓoyarta. Kalmar startle, wato firgitarwa, 'yar uwarta ce. Sai can baya-bayan nan, wajen ƙarni na 17 zuwa na 19, ta ɗauki ma'anar kama hanya, tayar da inji, da fara kowane aiki. Akwai ta uku, commence, wadda ta shigo daga Faransanci bayan mutanen Nomandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Har yau wurinta kotu ne da takardun ofis.

A ƙasar Kano, makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 da Hausa ta soma koyarwa, Turanci na 'yan ƙalilan ne. Turanci bai isa ƙauyuka sosai ba sai da shirin UPE na 1976, wato shirin ilimin firamare ga kowa, lokacin da aka gina azuzuwa da yawa aka kuma horar da malamai cikin gaggawa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gida a azuzuwan farko na firamare, daga baya a koma Turanci. Inda littafi ya yi ƙaranci, malam sai ya raba allo gida biyu: kalmar Turanci a hagu, ma'anarta ɗaya tak a dama, yara su yi ta maimaitawa. A nan ne start ta yi asarar rabin ma'anarta.

Rabin da ya ɓace Hausa tana da shi tsaf, shi ne "tayar" da "tashi". Mai noman rani a Kadawa ko fadamar Haɗeja idan ya ja igiyar injin ban ruwa, tayar da shi ya yi, ba fara shi ba. Turancinsa "He started the pump". Idan fulogi ya jiƙe injin ya ƙi tashi, "It won't start". Begin ba ta shiga nan ko kaɗan. Haka babur, haka janareta, haka injin niƙa. Kalmar sitata da bakanike ke faɗa ma daga wannan gida ta fito. Direban da zai tashi daga Ringim da asuba zai ce "We start at five". Kafa sana'a "start a business" ne, tayar da gobara "start a fire". Inda kuwa fara ake nufi zalla, kamar darasi ko damina ko azumi, dukansu biyu daidai ne, sai dai begin ta fi kama da rubutu, start ta fi yawa a baki.

Wajen siffa start ba ta da wahala: start, started, started. Begin ce mai rikiɗa: begin, began, begun. Began ita kaɗai take tsayawa, begun kuwa sai da kalma irin has, have ko had kafin ta, don haka "The rain has began" kuskure ne da ke cinye maki a WAEC da NECO. Beginning kuma n biyu ne a tsakiya, starting t ɗaya.

Idan wani aiki zai biyo baya, hanya biyu ce: "She started to cook" ko "She started cooking". Yara sukan haɗe su su ce "started to cooking", domin a Hausa "ta fara dafawa" siffa ɗaya ce, ba su saba da zaɓi ba. Idan start ɗin kanta ta riga ta ɗauki ing, sai a bi da to: "It is starting to rain".

Malamin da ke da aji mai yara saba'in ba ya bukatar sabon littafi don gyara wannan. Ya rubuta jimloli goma na Hausa, biyar da "fara", biyar da "tayar" ko "tashi" ta inji da tafiya, ya sa yara su ware su kafin su taɓa Turanci. Kashin farko su fassara shi sau biyu, da start da begin. Kashi na biyu start kawai, kuma duk wanda ya sa begin a tambaye shi ko ya taɓa jin an ce "fara babur".