Horas da malaman jami'a kan fasahar koyarwa: rabi a aji, rabi ta intanet

Wane irin horo ne wannan?

Horo ne da ake raba shi gida biyu. Malamai sukan haɗu ido da ido a ɗakin kwamfuta na kwana biyu ko uku, a nuna musu yadda ake buɗe kwas a manhajar koyarwa ta intanet irin Moodle, wadda Martin Dougiamas ya fitar a 2002. Daga nan kowa ya koma bakin aikinsa, ya ci gaba ta intanet na wasu makonni: ya ɗora darasi, ya haɗa tambayoyin gwaji, mai horarwa yana bin aikinsa yana gyara masa.

Farfesan da ya shekara ashirin yana koyarwa, me kuma zai koya?

Ba fanninsa za a koya masa ba. Lokacin da korona ta sa aka rufe jami'o'in Najeriya a Maris 2020, abin da malamai da yawa suka iya shi ne tura takardun lacca a WhatsApp. Wasu suka kwashe laccar awa biyu suka zuba a Zoom, ɗalibai na fita ɗaya bayan ɗaya saboda data ta ƙare. Wasu masana harkar koyarwa biyu, Mishra da Koehler, sun yi bayani tun 2006 cewa malami na buƙatar sanin fanninsa, da dabarun koyarwa, da fasaha, kuma ya iya haɗa ukun a darasi guda. A haɗawar nan ne aikin yake. Malamin lissafi ya san wane mataki ne zai ɗauka a bidiyon minti takwas, wanne kuma sai a gaban allo.

Me ya sa ba za a yi shi duka ta intanet ba?

Wanda bai saba ba, da ya maƙale sai ya watsar, musamman babban malami da ke jin nauyin tambaya. Zama tare na cire wannan kunyar. Shi kuma ɓangaren intanet, amfaninsa shi ne malamin ya ɗanɗana abin da ɗalibinsa zai ɗanɗana, har da ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.

Yaya za a gane horon ya yi amfani?

A ganina takardar shaidar halarta ba ta isa ba. A buɗe kwas ɗin da malamin ya gina, a gani ko yana buɗuwa a ƙaramar waya, ko ɗalibi zai iya sauke darasi ya karanta ba tare da intanet ba, kuma ko malamin yana amsa tambayoyin ɗalibai a cikinsa.