Waiwaye: Yadda aka daɗe ana fama kafin a kama ƙwayar cuta a cikin iska

Babban mutum na shaƙar iskar da ta haura lita 10,000 a kowace rana, amma har yau auna abin da ke cikin wannan iska ya fi auna ruwan sha wuya nesa ba kusa ba. Wannan wahala ce ta sa gardamar ko cuta na bin iska ta ɗauki fiye da shekaru ɗari ba ta mutu ba.

A 1860 Louis Pasteur ya hau da kwalabe cike da dafaffen romo zuwa kan dutsen ƙanƙarar Mer de Glace a Faransa. Ya buɗe guda 20, iska ta shiga, ya sake liƙe su. Ɗaya tak ta lalace. A ƙasa kuwa, cikin 20 da ya buɗe, 8 suka ruɓe. Nan aka gane cewa iska na ɗauke da abubuwa masu rai, kuma yawansu ya danganta da wuri. Bayansa John Aitken na Sikotilan ya ƙera na'urar ƙidayar ƙura, wadda ke sa tururi ya taru a jikin kowace ƙwaya har ta yi girman da ido zai gani.

Sai dai likitoci sun juya wa zancen baya. Sun sha fama da tsohon tunanin nan na cewa wari ke kawo annoba, don haka duk wanda ya ambaci iska kallon mai koma-baya ake masa. A 1910 Charles Chapin, jami'in lafiya na birnin Providence a Amurka, ya kafe cewa cuɗanya da feshin yawu na kusa ne hanyar yaɗuwar cuta. Maganarsa ta zauna daram tsawon shekaru.

Wanda ya ƙi yarda shi ne William Firth Wells, kuma shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. Ba likita ba ne. Injiniyan tsafta ne da ya fara da aikin ruwa, ya kuma shigo fagen da tambayar masu aikin ruwa: in ana ɗebo ruwa a auna, me zai hana a ɗebo iska? A farkon shekarun 1930, yana Jami'ar Harvard, ya ƙera wata na'ura mai juyi da ke zuƙo iska ta maka ƙwayoyin da ke ciki a jikin bututun gilashi da aka shafe da abincinsu. Bayan kwana biyu sai a ƙirga tabon da suka tsiro. A 1934 ya yi bayanin da har yau ake kai: ɗigon yawun da ya wuce maikuron 100, wato kusan kaurin gashin kai, yana faɗuwa ƙasa cikin 'yan daƙiƙu. Wanda bai kai ba yana bushewa tun yana sama, ya bar ɗan ƙwallo da zai iya yawo a ɗaki na tsawon sa'o'i.

Shi da matarsa Mildred, wadda likita ce, sun kafa fitilun ultrabayolet, masu hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, a azuzuwan makarantu a yankin Filadelfiya tun daga 1937, ƙyanda kuma ta ragu a azuzuwan. Da wasu suka gwada a wasu wurare abin bai yi tasiri sosai ba, domin yara na haɗuwa a motar makaranta da gidaje, inda babu fitilun. Aka ɗora laifin a kan ra'ayin gaba ɗaya, abin da nake ganin rashin adalci ne.

Hujjar ta fito daga wani asibitin tsoffin sojoji a Baltimore. Wells da ɗalibinsa Richard Riley suka ja bututu daga ɗakin masu tarin fuka zuwa saman bene, inda aka ajiye ɓerayen Masar kusan 150. Ba su taɓa ganin majinyaci ba, iskarsa kawai suke shaƙa. Daga 1956, wata mai suna Cretyl Mills ta riƙa kula da su tana gwada su wata-wata, kuma kusan 3 ne ke kamuwa a kowane wata. A zagaye na biyu aka raba iskar biyu, aka haska rabi da ultrabayolet. Ko ɓera ɗaya bai kamu ba a ɓangaren da aka haska. Wells ya rasu a 1963.

A daidai wannan lokaci na'urorin ma suna ci gaba, kuma dole a faɗi cewa da yawansu daga sansanonin binciken makaman guba suka fito. K. R. May ya fitar da tasa a Porton Down ta Ingila a 1945. A 1958 Ariel Andersen ya kawo mai hawa 6, kowane hawa da huda 400 da farantin abinci a ƙarƙashinsa. Hudojin na ƙara tsukewa zuwa ƙasa, iska na ƙara gudu, manyan ƙwayoyi su maƙale a sama, ƙanana masu iya isa can cikin huhu su sauka ƙasa. Tana zuƙar lita 28.3 a minti, kuma ana amfani da ita har gobe.

Matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce na'urar kan kashe abin da ta kama. Bugu da bushewa na lalata bairos, sai a duba a ce ba a samu mai rai ba, daga nan a yanke cewa babu shi a iskar. Haka aka yi da korona. A Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ba ta bin iska. A Yuli masana 239, ƙarƙashin Lidia Morawska da Donald Milton, suka rubuta mata buɗaɗɗiyar wasiƙa. A shekarar ce John Lednicky da abokan aikinsa a Jami'ar Filorida suka yi amfani da na'urar da ke lulluɓe ƙwayar da tururi a hankali, dabarar Aitken ke nan, suka kama bairos mai rai a ɗakin asibiti, har nisan mita 4.8 daga majinyaci. Sai a 2021 hukumar ta gyara matsayinta.