Kalmar "materialize": tambayoyin ɗalibai da amsoshinsu

Ɗaliban da ke shirin WAEC da JAMB a nan Sakkwato sukan ci karo da wannan kalma a jarida ko a takardar jarrabawa, kuma tambayoyinsu a kanta kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda suka fi yawa.

Malam, mene ne ma'anarta?

Abin da ake jira, ko aka yi alkawarinsa, ko ake tsoron zuwansa, ya tabbata har a gan shi da ido. Zancen jiran nan shi ne ginshiƙin kalmar. Manomi a Wurno ya ga hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, ya fito da irin gero, sai iska ta watsa hadarin. Bature zai ce "The rain did not materialize." Haka mai albasa a Goronyo da wani dillali ya ce masa mota na tafe ranar Talata, Talata ta wuce shiru: "The buyer never materialized."

To me ya sa misalan duk na abin da bai yiwu ba ne?

Don a nan ta fi zama. Duba jaridun Turanci, za ka tarar da ita manne da "did not", "never", "failed to" ko "yet to". Kwangilar hanya, tallafin taki, ƙarin albashi, su ne abokan tafiyarta. Ana iya cewa aikin da mutum ya daɗe yana nema ya "finally materialized", amma ko a nan kana jin gajiyar jira a ciki.

'Yan jarida na son ta saboda ba ta ambaton mai laifi. Idan aka rubuta cewa kuɗin "failed to materialize", ba a ce wane ya hana ba, ba a ce wane ya cinye ba, kuɗin ne dai ba su zo ba. Mu a nan za mu ce Allah bai nufa ba, ko a ce maganar ta bi ruwa. A ganina mai karatu ya riƙa lura da wannan, domin sau da yawa akwai sunan da aka kauce wa faɗa.

Ba ga alheri kawai take ba. Tun ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, duk damina mai ƙarfi mutanen bakin gulbi na cikin fargaba. In damina ta wuce lafiya sai a rubuta "The feared flood did not materialize", kuma wannan labari ne mai daɗi.

Zan iya cewa "I want to materialize my dream"?

A'a ɗana, kauce masa. Wannan kuskure ne da ake samu a rubutun ɗalibai. A Turancin yau da kullum abin ne ke tabbata da kansa, ba wani ke tabbatar da shi ba, kamar bambancin "ya tabbata" da "ya tabbatar". Don haka abin da ake jira shi ke zuwa a farkon jimla: "My plan materialized." In kai ne mai aikatawa, ka ce "realize my dream" ko "achieve my goal". In gwamnati ce da aikinta, "carry out the project". Manyan ƙamusoshi sun kawo amfani da ita a ma'anar mayar da abu zahiri, amma ba kasafai ake jinsa ba, kuma mai duba takardarka zai iya jan layi a ƙarƙashinsa.

Ina bambancinta da "come true" da "happen"?

"Come true" na buri ne da mafarki da hasashe. "Happen" ta kowa ce. Hatsarin mota a shataletale "happened" ya yi, ba "materialized" ba, don ba wanda ya zauna jiransa.

Na karanta "A lorry materialized out of the haze." Wannan fa?

Ma'ana ta biyu ke nan: ɓullowa kwatsam kamar daga sama. Duk wanda ya bi hanyar Illela da sassafe a watan Janairu ya san yadda babbar mota ke fitowa daga cikin hazo sai ga ta gabanka. Wannan ma'ana ta yaɗu a ƙarni na 19, lokacin da wasu a Amurka da Ingila ke da'awar suna kiran ruhin mamaci ya bayyana da jiki a ɗaki mai duhu. Yanzu har da zolaya ake yi da ita, a faɗa wa abokin da ba a ganinsa sai an ajiye kwanon tuwo.

Daga ina ta samo asali?

Daga "material", wato matiriyal ɗin nan da mata ke kai wa tela. Tushensu "materia" na Latin, wanda ke nufin katako ko kayan da ake yin abu da su. An fara ganin kalmar a rubutun Turanci a farkon ƙarni na 18.

Da "z" ake rubuta ta ko da "s"?

Duka daidai ne. Amurkawa "z" suke sawa. A Ingila "materialise" ta fi yawa, ko da yake maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta riƙe "z". Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, kada ka rubuta "organise" a sakin layi na farko sannan "materialize" a na uku. Wajen furuci kuwa, a gaɓa ta biyu ake danna murya: ma-TI-riya-laiz.