Risibar Sitiriyo ta Shekarun 1970

Risibar sitiriyo na'urar sauti ce da ta haɗa abubuwa uku a akwati ɗaya: rediyo mai kama tashoshin AM da FM, da sashen zaɓen inda sauti zai fito tare da daidaita shi, da kuma amfilifaya mai tura sautin zuwa lasifikoki biyu, dama da hagu. Ba ta zuwa da lasifika, sai an haɗa mata. Idan masu sha'awar kayan sauti suka ce “tsohuwar risiba”, galibi suna nufin waɗanda aka ƙera a Japan a shekarun 1970, masu farar fuska ta alminiyam, da allurar neman tasha mai tafiya a bayan gilashi, wasu kuma da rigar katako.

Asali da tashe

A Amurka aka fara sayar da irin wannan na'ura a shekarun 1950, kamfanin Harman Kardon na cikin na farko. Kasuwarta ta buɗe sosai bayan 1961, shekarar da hukumar sadarwa ta Amurka ta amince da watsa sitiriyo a zangon FM. Da taransisto, wato ɗan ƙaramin abin da ke ƙara ƙarfin sauti a cikin na'ura, ya maye gurbin kwalaben lantarki masu zafi na da, sai kamfanonin Japan irin su Pioneer, Sansui, Kenwood, Yamaha da Technics suka mamaye fagen. Marantz ma, wanda Saul Marantz ya kafa a New York, an sayar da shi a 1964, daga baya ƙirar yawancin kayansa ta koma Japan.

A 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tilasta wa masu ƙera amfilifaya su riƙa faɗin ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, ɓangarorin dama da hagu suna aiki tare, ba wanda take kaiwa na ƙiftawar ido ba. Wannan doka ce ta sa wat 40 na wancan zamani yakan ba mutum mamaki idan ya gwada shi da wasu akwatunan yau da aka rubuta musu dubbai a kwali. Daga nan kamfanoni suka shiga tseren ƙarfi. Pioneer SX-1980 ta 1978 tana ba da wat 270 a kowane ɓangare, nauyinta kusan kilo 35, Technics SA-1000 kuma ta kai wat 330. A jerin Marantz, lambobi biyun ƙarshe sukan nuna ƙarfin: 2230 wat 30, 2270 wat 70. Zuwa farkon shekarun 1980 yayin ya wuce, baƙar fuska da lambobi masu haske suka karɓi wuri.

Abin da ke jan mai saye

Ƙirarsu mai ƙarko ce: babban taransifoma, maɓallan ƙarfe, da kayan ciki da aka jera ɗaya-ɗaya, ta yadda mai gyaran rediyo zai iya cire wanda ya mutu ya liƙa sabo da dalma. Kusan dukkansu suna da ƙofa ta musamman don garmaho, wadda ke ɗaga raunin sautin allura ta kuma gyara shi, abin da na'urorin zamani da yawa ba su da shi. Ba su da rimot, ba su san Bluetooth ba, amma ana iya jona wayar hannu ta ƙofar AUX ko ta kaset. Wanda ya saba da sauraren gajeren zango kuwa ya sani cewa yawancinsu ba sa kama shi.

Ciwon tsufa

Nan ne gizo ke saƙar. Na'urar da ta kusa ko ta haura shekara hamsin, ko da ajiye ta aka yi ba a taɓa ba, cikinta ya tsufa. Kondensoshi masu ruwan sinadari, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta a cikinta, suna bushewa a hankali, alamarsu ita ce gunji a lasifika ko sauti maras ƙwari. Maɓallin ƙara murya yakan yi datti, ya riƙa ƙarar ƙas-ƙas ko ya ɗauke ɓangare ɗaya. Wannan da ƙonewar ƙananan fitilun fuska gyara ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne mutuwar taransistocin da ke tura sauti, domin an daina yin wasunsu. Na'urorin da aka gina kan dunƙulen STK na kamfanin Sanyo, wanda ya haɗa taransistocin a rufe wuri ɗaya, sun fi shiga wannan hali, saboda na asali ya yi ƙaranci, jabu kuma ya cika kasuwa. Idan taransifoma ne ya ƙone, sau da yawa gyaran ba ya biyan wahalarsa.

Saboda haka ba a sayen tsohuwar risiba a kan hoto ko a kan “tana kamawa”. A kunna ta a gaban mai ita. A samfurori da yawa za a ji ƙas bayan 'yan daƙiƙu, wato makunnin da ke kare lasifika ya sakar mata sauti. Idan irin waɗannan ce kuma aka ji shiru, akwai matsala. A saurari dama da hagu daban-daban, a murɗa kowane maɓalli, a bar ta tana aiki kamar rabin sa'a, don wani ciwon sai ta ɗauki zafi yake fitowa. Mai mita ya auna wutar da ke zaune a bakin wayar lasifika ba tare da kiɗa ba: ƙasa da milibolt 50 ana ɗaukarsa lafiya, mai yawa sosai kuwa yana iya ƙona lasifika. Kuma kada wanda bai iya ba ya sa hannu a ciki, manyan kondensoshi suna riƙe wuta bayan an zare filogi.

Wutar ƙasar da aka yi wa ita

Ga mai sayen kayan gwanjo a Najeriya ko Nijar, bayan akwatin ya fi fuskarsa muhimmanci. Wadda aka yi wa Amurka bolt 120 take ci, ta cikin gidan Japan bolt 100, alhali wutar gida a nan tana tsakanin 220 da 240. Jona ta kai tsaye yana iya kashe ta nan take, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba tana da maɓallin sauya bolt a baya ba. Ta cikin gidan Japan tana da wata matsalar: zangon FM ɗinta daga 76 zuwa 90 ne, don haka tashoshin da ke sama da 90 ba za su shigo ba. Wutar da ke hawa da sauka da ta janareta ma suna wahalar da tsofaffin kaya, sitabilaiza ta zama dole.

Farashi

Sunaye irin su Marantz 2270 da manyan Pioneer sun yi tsada ƙwarai saboda masu tara kayan tarihi, har kuɗinsu ya wuce amfaninsu ga mai son jin kiɗa kawai. Masu matsakaicin ƙarfi, wat 20 zuwa 50, sun ishi falo, sun fi araha, gyaransu kuma ya fi sauƙi. Kuɗin gaskiya na tsohuwar risiba shi ne na saye haɗe da na mai gyara, don haka wanda ba shi da amintaccen mai gyara a kusa, ko yake buƙatar rimot da haɗi da talabijin, sabuwar amfilifaya ta fi dacewa da shi.